Ruthwell: ƙauyen da aka ce a can bankin talaka ya fara, gaskiya ne?

Baban Sadiku, Mile 12:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne a nan, nakan karanta in wuce, amma yau ina da tambaya ga waɗanda suka san ƙasar Birtaniya ko suka san harkar banki.

Ɗana Sadiku yana karatu a wani gari da ake kira Dumfries a kudancin Sikotland. Ranar Asabar ya turo mini hoton wani ɗan gida fari, ƙasa-ƙasa, wanda bai fi rumfar da nake jibge albasa girma ba, ya ce wai a nan aka fara bankin ajiya a duniya, a wani ƙauye mai suna Ruthwell. Na kira shi don in ji bayani, sai ya ce a kan keke suka bi ta wurin da abokansa, ruwa ya sauko, ba su shiga ba. Yaran yanzu ke nan, a ɗauki hoto a wuce.

Dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai shi ne, mu 'yan albasa na layinmu a kasuwar Mile 12 ta Legas, mutanen Aliero da Gada da Goronyo, mun daɗe muna tara kuɗi kullum a hannun mutum ɗaya. Bara ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah muka neme shi muka rasa, wayarsa a kashe, ɗakin da yake haya an sa kwaɗo. Akwai 'yan dako a cikinmu da kuɗin motar komawa gida ke nan suka rasa. Ba zan faɗi sunansa ba, maganar tana hannun manya. Yanzu an ce ni ne zan riƙe, ni kuwa ba na son kuɗin jama'a su kwana a ƙarƙashin katifata.

To tambayata: gaskiya ne a wannan ƙauye aka fara? Me mutumin ya yi da ya bambanta da adashin da iyayenmu mata suke yi tun kafin a haife mu? Sannan in Allah ya kai mu bikin kammala karatun yaron kuma aka ba ni biza, akwai abin da zan gani a can da ya kai a ɓata yini guda?

Tsohon Akawu, Surulere:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar muku da alheri, ya kuma yi wa Sadiku albarka.

Na taɓa zuwa Ruthwell. Lokacin ina aiki a wani banki a Marina aka tura mu kwas Glasgow, wani Bature cikin masu koyar da mu ya ce bai kamata ma'aikacin banki ya zo Sikotland ya koma bai ga wurin ba, ya ɗauke mu a motarsa. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce zuwa kudu, har gaɓar wani reshen teku da suke kira Solway, wanda in ka tsaya a bakinsa kana hango duwatsun Ingila a tsallake. Ƙauyen yana tsakanin Dumfries da Annan. Kada ka sa ran ganin gari. Layin gidaje ne 'yan kaɗan, sai gonaki da shanu da tumaki, sai iska mai shiga ƙashi.

Mutumin da ake magana sunansa Henry Duncan, limamin cocin ƙauyen ne. An haife shi a 1774, aka naɗa shi a Ruthwell a 1799. Abin da ya sa ya fita daban da sauran limaman ƙauye shi ne, yana saurayi an tura shi Liverpool ya yi aiki a banki kafin ya bar harkar ya koma karatun addini. Ya san yadda ake rubuta littafin kuɗi, ya san yadda banki yake cin riba, kuma ya san wanda banki ba ya so ya gani a bakin ƙofarsa.

Ya tarar da mutanen cikin matsi. Zamanin yaƙe-yaƙe da Faransa ne, hatsi ya yi tsada, damina ta ƙi. Mafi yawansu 'yan ƙodago ne a gonakin masu ƙasa, wasu kuma suna dafa gishiri daga yashin bakin teku. Ya sa aka yi masa odar masara ta Liverpool ya sayar musu a kan kuɗin da ya sayo, ya samo wa mata abin kaɗi don su riƙa samun na cefane, ya kuma farfaɗo da wata ƙungiyar taimakon juna da ta mutu a ƙauyen. Wannan ɗan farin gidan da Sadiku ya turo maka ɗakin taron ƙungiyar ne, daga baya aka mai da shi gidan tarihi.

Ga inda maganar take. A wancan lokaci, kafin babban banki ya buɗe maka ajiya sai ka zo da fam 10. Waɗanda suka girme wa naira, wato suka san kuɗi kafin 1973, sun san lissafin: fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya sisi biyu. Fam 10 sisi 400 ke nan. Ɗan ƙodago zai yi wata da watanni yana aiki bai ga fam 10 a dunƙule ba, in ma ya fara tarawa a gida, rashin lafiya ko mashaya ko maƙwabci mai neman rance za su cinye. Ran 10 ga Mayu 1810 Duncan ya buɗe littafi a wannan ɗaki ya ce duk mai sisi ɗaya ya kawo. Shekarar farko aka tara fam 151. Ba wani kuɗi ba ne ko a lokacin, amma ka tuna daga aljihun wa suka fito.

Abu uku na ga ya yi, kuma na biyun ne ya shafe ka. Na farko, kuɗin ba sa kwana a ƙauyen har abada. In sun taru sai a kai su Dumfries a zuba a bankin British Linen da sunan ƙungiyar gaba ɗaya. Sisin mutum ɗaya banki ba ya kallonsa, amma sisin mutum ɗari in an haɗa ya zama ajiyar da manaja zai tashi tsaye ya karɓa. Bankin yana ba su kashi 5 cikin 100, su kuma su ba masu ajiya ƙasa da haka kaɗan, ɗan abin da ya rage a tsakani da shi ake gudanar da aikin. Saboda haka ba ya jiran sadakar wani attajiri kafin ya rayu.

Na biyu, akwatin kuɗin makulli uku gare shi, mabuɗan kuma a hannun mutum uku daban-daban. Ba mai iya buɗewa shi kaɗai, har shi limamin da ya kafa abin. Na daɗe a tsaye a gaban wannan akwati, domin a bankinmu na Marina haka muke yi da ɗakin ajiyar kuɗi, ni da nawa mabuɗin, wani da nasa, kuma ba a taɓa gaya mini cewa wani limamin ƙauye ya riga mu da fiye da shekara 150 ba. Mutanen ƙauyen sun yarda da shi, amma bai ce su dogara da yardar ba. Ku a Mile 12 kun ba mutum ɗaya akwati da mabuɗi da littafi, shi ke karɓa, shi ke rubutawa, shi ke ajiyewa. Ko waliyyi ne kun ɗora masa jarrabawar da ba ta kamata ba.

Na uku, komai a rubuce, kuma akwai kwamitin amintattu da ke duba littafin. Daga wannan tsari na amintattu ne sunan bankin TSB na Birtaniya, wato bankin ajiya na amintattu, ya samo asali. Cikin 'yan shekaru irin waɗannan bankuna suka bazu, majalisar dokoki ta yi musu doka a 1817 don Ingila, a 1819 kuma don Sikotland, kuma Duncan da kansa ya je Landan ya yi ta faɗi-tashi a kan ta Sikotland ɗin.

Batun abin gani, akwai na biyu da ya fi gidan bankin tsufa nesa ba kusa ba, a cikin cocin da ke ɗan nesa da gidajen. Wani dogon gicciye ne na jan dutse, tsayinsa ya haura mita 5, an sassaƙa shi a ƙarni na 8, lokacin da yankin yake ƙarƙashin masarautar Northumbria ta Ingilishi. Gefe biyu hotunan labaran Linjila ne da rubutun Latin, sauran gefe biyun kuma reshen inabi ne yana hawa, tsuntsaye da ƙananan dabbobi suna cin 'ya'yansa. A bakin-bakinsa akwai baitocin waƙa cikin tsohon Turanci da wasu haruffa tsaye-tsaye na mutanen arewacin Turai, suna daga cikin waƙar Turanci mafi tsufa da ta rage a rubuce. Baturen da ya kai mu, da digirinsa da komai, bai iya karanta ko kalma ɗaya ba.

Tarihin dutsen zai ba ka mamaki. Kiristocin ne da kansu suka farfasa shi. A 1640 babban taron cocin Sikotland ya zartar a rushe duk abin da ya yi kama da gunki, a 1642 aka kayar da wannan. Mu da muka taso muna jin muhawarar malamai a kan hoto da mutum-mutumi ba za mu ga baƙon abu a nan ba. Gutsattsarin suka yi shekara da shekaru a yashe a cikin coci da maƙabarta, har Duncan ɗin nan dai ya tattara su ya sake tayar da shi a lambun gidansa a 1823. Hannun gicciyen na asali ya ɓace, sai ya sa aka sassaƙa sabo, masana har yau suna gunaguni a kan abin da ya sa aka zana a jiki. A 1887 aka shigar da shi cikin coci don ruwa da sanyi kada su cinye rubutun, kuma saboda tsayinsa sai da aka yi masa rami a ƙasa, kana leƙa gindinsa daga sama. Ni Musulmi na shiga na kalla a matsayin kayan tarihi na fito, ba wanda ya tambaye ni komai.

Kamar mil ɗaya yamma da ƙauyen akwai Brow Well, wani ɗan kwarmin dutse mai jan ruwa saboda ƙarfen da ke cikinsa. A Yulin 1796 likita ya tura babban mawaƙinsu Robert Burns can ya sha ruwan, ya kuma riƙa shiga tekun mai sanyin tsiya har ƙirji wai magani. Ya koma Dumfries ya rasu ran 21 ga watan yana da shekara 37. Ba wani abin kallo ba ne, minti goma ya isa. Amma ka ja wa Sadiku kunne, kada su ga teku ya janye ya bar fili su ce za su taka yashin. Ruwan Solway yana dawowa da gudu, kuma akwai wuraren da yashin ke haɗiye ƙafa.

Ƙarshen Duncan shi ne abin da ya sa nake ganin girmansa. A 1839 ya shugabanci babban taron cocin ƙasar. A 1843 rikici ya raba cocin a kan ko mai ƙasa ne zai naɗa wa jama'a limami ko su ne za su zaɓa, limamai sama da 400 suka fice. Shi ma ya fice, yana dab da shekara 70, ya bar albashi da gidan da ya zauna fiye da shekara 40 da lambun da ya shuka da hannunsa. Ya rasu a 1846. Shi ne kuma ya kafa jarida a Dumfries a 1809, kuma a 1828 ya gabatar wa masana a Edinburgh bayanin sawun wasu dabbobin da suka ƙare da aka gano a jikin dutse a wata mahaƙa. Mutum ɗaya, a ƙauyen da ko kasuwa babu.

Basakkwacen Agege:

Baba Akawu Allah ya ƙara lafiya, ka gama magana a kan banki. Amma tun da Alhaji mutumin ƙasar Sakkwato da Kabi ne, akwai abin da ba zan bari ya wuce ba. Annan ɗin da ka ambata, wanda bai kai mil goma daga Ruthwell ba, shi ne garin su Hugh Clapperton. A can aka haife shi a 1788.

Wannan shi ne Baturen da ya ratso Sahara daga Tarabulus ta Borno, ya shiga Kano a farkon 1824, ya isa Sakkwato a watan Maris na shekarar ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abdullahi ake kiransa a ƙasarmu. Waziri Giɗaɗo ne ya kula da masaukinsa. Shi ya rubuta yadda kasuwar Kano take a lokacin, da yadda Sarkin Musulmi ya yi ta yi masa tambayoyi a kan rabe-raben Kiristoci har shi Baturen ya rasa amsa.

Zuwansa na biyu kuma ta nan jiharmu ya biyo. A ƙarshen 1825 ya sauka Badagry tare da yaronsa Richard Lander, suka bi ta ƙasar Yarbawa zuwa tsohuwar Oyo, suka ƙetare Kwara a Busa inda Mungo Park, shi ma ɗan Sikotland, ya halaka, suka kai Kano, daga nan Sakkwato. Wannan karon bai samu fuska kamar da ba, domin ana yaƙi da Borno kuma yana ɗauke da kyauta zuwa ga Shehun Borno, aka hana shi wucewa. Ciwo ya kama shi ya rasu ran 13 ga Afrilu 1827, aka binne shi a wajen garin Sakkwato. Ka duba, hanyar da tirelolin albasarku ke yi daga Sakkwato zuwa Legas, shi ya yi ta a ƙafa da kan doki daga ƙasa zuwa sama.

Ba ina cewa waliyyi ba ne. Gwamnatinsu ce ta aiko shi ya gano inda Kwara ta nufa da yadda za a yi ciniki, kuma mun san abin da ya biyo baya a 1903, da Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Amma in ka je, Alhaji, jirgin ƙasan da ke tsakanin Dumfries da Carlisle yana tsayawa a Annan. Ka sauka ka taka garin, ka ce musu ɗansu yana wurinmu.

Uwar Adashi, Idi-Araba:

Alhaji sannu da haƙuri. Baba Akawu, ina gaisuwa, amma ban yarda a raina adashi ba.

Ni nake riƙe da adashin matan layinmu, masu tuwo da masu ƙosai da masu sayar da atamfa gida-gida, har da Yarbawa biyu da suka ce namu ya fi nasu tsari. Abin da ya faru da su Alhaji ba adashi ba ne. Wannan irin na masu ajo ne, mutum ɗaya ya bi rumfa-rumfa yana karɓa kullum, ƙarshen wata ya cire zubin kwana ɗaya ladansa ya ba ka sauran. A nan kuɗi suna kwana a hannunsa wata guda, in Shaiɗan ya zuga shi shi ke nan. A adashi kuwa ranar zubi ita ce ranar kwasa. Kowa ta kawo, a ƙirga a gaban kowa, mai ɗauka ta ɗaure a zaninta ta tafi. Ba akwati balle a yi maganar mabuɗi.

Kuma akwai abin da banki ba zai taɓa yi miki ba. Banki ba ya jin haushi in ba ki kawo ba. Ni kuwa in mace ta yi fashin zubi, da yamma ina ƙofar ɗakinta, kuma ta san gobe duk layi sun ji. Wannan kunyar ce take sa a tara. Da yawa a cikinmu da ita suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, wata ta sayi injin markaɗe.

Sannan ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Kuɗinka a banki, kai a layi tun asuba, mai POS yana sayar maka da naira da naira. Mu a watannin nan abin da ya shigo hannu shi muka riƙa juyawa a tsakaninmu. Don haka limamin nan ya yi ƙoƙari, amma da ya zo Idi-Araba da ya ƙaru.

Ɗan Obalende:

Tambaya biyu ga Baba. Ta farko, kashi 5 cikin 100 ɗin nan ai kuɗin ruwa ne, ko ba haka ba? To me za mu koya a wurin? Ta biyu, ni ban cika yarda da "na farko a duniya" ba. Turawan Birtaniya komai su ne na farko. Na karanta cewa a Hamburg ta Jamus an buɗe asusun ajiyar talakawa tun 1778.

Kuma Baban Sadiku, in ka je kada ka bari yaron ya kai ka Gretna Green, kusa ne da wurin. Can ne 'yan Ingila suka riƙa guduwa a da a ɗaura musu aure a maƙera ba da sanin iyaye ba, bayan dokar auren Ingila ta 1754. Kada ka je biki ɗaya ka tarar da biyu.

Tsohon Akawu, Surulere:

Ɗana na Obalende, maganarka ta Hamburg daidai ce, kuma ko a Ingila an yi wasu ƙananan asusu kafin 1810, irin wanda wata mata Priscilla Wakefield ta yi a Tottenham. Abin da ake ba Ruthwell shi ne cewa nasa ya tsaya da ƙafarsa a kan lissafin kasuwanci, ba a kan alherin masu kuɗi ba, kuma shi aka yi ta kwaikwaya ana ambaton sunansa. In aka ce "na farko" ba ƙari, an yi zuzutawa.

Kuɗin ruwa kuwa, kuɗin ruwa ne, ba zan canza masa suna ba. Amma cire shi ka ga abin da ya rage: kuɗin talakawa a haɗe, a wurin da ɓarawo ba ya kaiwa, ba mai taɓawa shi kaɗai, komai a rubuce. Wannan ba ya buƙatar ruwa. A zamaninmu na Marina ba mu da zaɓi, yanzu akwai. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, duk ba sa harkar ruwa kuma suna da rassa a Legas. Hukuncin ribar da suke rabawa a tambayi malamai, ni akawu ne.

Hajiya, ban raina adashi ba, da shi mahaifiyata ta biya mini kuɗin makaranta. Kuma abin da kika faɗa a kan kunya, Duncan ya san shi sarai. A dokokinsa akwai tara ga wanda ya yi sakaci bai kawo ajiya ba a shekara, ana bincikar halin mutum kafin a karɓe shi, kuma cire kuɗi ba ya yiwuwa yadda aka ga dama. Wato shi ma yana zuwa ƙofar ɗaki da yamma, da alƙalami. Wannan tsanani ya yi aiki a ƙauyen da kowa ya san kowa. Da aka buɗe irinsa a Edinburgh bayan 'yan shekaru sai suka sassauta, suka ce kawo lokacin da kake da shi, ɗauka lokacin da kake so, kuma manyan garuruwa nasu salon suka fi bi. Layinki ƙauye ne a cikin Legas, shi ya sa naki yake tafiya. Mile 12 kuwa yau mutum yana nan, gobe ya bi mota ya koma Goronyo.

Inda adashi ya gaza shi ne mutumin da ba ya son kwasa yanzu. Ɗan dakon da ke son kuɗinsa su kwanta har watan Sallah ko har damina, in kin ba shi kwasarsa a watan Safar, ina zai kai su? Wannan shi ne mutumin Duncan. Ko manyanmu sun san haka. Ana ba da labarin cewa da Bankin BBWA, wanda ya zama First Bank, ya buɗe reshe a Kano, Alhassan Ɗantata raƙuma 20 ya kai na kuɗin azurfa. Shi yana da abin da za a buɗe masa ƙofa. Ɗan dako ba shi da raƙumi.

Alhaji, shawarata a taƙaice. Ku yi wa ƙungiyar rajista a matsayin ƙungiyar gama kai a Alausa, sakatariyar gwamnatin jihar Legas, ku buɗe asusu da sunanta ba da sunanka ba, masu sa hannu uku, ba a fitar da ko kwabo sai biyu sun sa. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban. Alat ya riƙa shiga wayar mutum uku. Kuɗin yini kada su kwana, a zuba su kafin magariba. Ku tabbata bankin yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya a banki, wadda tun 2024 take biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki in ya durƙushe, miliyan 2 a ƙananan bankuna, kuma ku tambaya yadda wannan iyaka take shafar asusun ƙungiya idan kuɗinku sun haura haka. Duk wanda ya zo ya ce zai ninka muku kuɗi cikin wata guda, ku tuna masa MMM, tsarin ninka kuɗin da ya riƙe kuɗin jama'a a Disambar 2016.

Batun tafiya, in bikin ya faɗo a Yuni ko Yuli ka yi sa'a, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, za ka ga Ruthwell da Annan a yini ɗaya har ka ƙara da ganuwar Caerlaverock mai kusurwa uku da ke kusa. In a hunturu ne, kafin ƙarfe huɗu an yi magariba. Ka sa Sadiku ya binciki ranakun da ake buɗe gidan tarihin kafin ku tashi, ku kuma riƙe guzurinku daga Dumfries, don a ƙauyen ba za ku sami abin da za ku ci ba.

Baban Sadiku, Mile 12:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Akawu, na sa an buga mini bayaninka a takarda, zan karanta wa jama'a ranar Lahadi bayan la'asar. Hajiya, ke ma maganarki ta shiga, wataƙila mu dillalai mu ci gaba da zubi da kwasa a tsakaninmu, asusun kuma ya zama na 'yan dako da yaran shago masu son ajiya mai tsawo.

Inda nake hango rigima shi ne masu sa hannu. Aliero za su kawo nasu, Gada za su kawo nasu, Goronyo ma haka, to uku sun cika, ni kuma da aka ce in riƙe ban shiga ba, kuma akwai mutanen Kano biyu da suka fi kowa zubi. Yawancin 'yan dakon ma ba su da NIN balle BVN. Baba, shin dole ne kowane ɗan ƙungiya ya kasance da su, ko masu sa hannu kaɗai? Kuma in akwai wanda ƙungiyarsu ta riga ta yi rajista a Alausa, don Allah ya turo mini samfurin dokokinsu in gani kafin Lahadi.